Tambaya da Amsa: Zouave, Ɗan Jirgin Ja da Ya Shiga Tsakiyar Wuta

A fitowar da ta gabata mun kawo gajeren labarin ƙawanyar da gwamnatin Amurka ta yi wa jihohinta na kudu ta teku a yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, kuma a ciki mun ambaci wani ɗan jirgi mai suna Zouave, wanda aikinsa shi ne jan manyan jirage. Wasiƙu uku daga Kebbi da Zamfara sun tsaya a kan wannan jirgi, ga su nan tare da amsoshinsu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni dattijo ne, na ƙare ƙuruciyata ina tuƙa jirgin inji tsakanin Yelwan Yauri da kasuwannin bakin kogi, kuma ɗana ne ya karanta mini labarinku. Na sha jawo jirgin da injinsa ya mutu a tsakiyar ruwa, na kuma san cewa mai ja ba ya iya gudu, ba ya iya juyawa yadda yake so, domin igiyar da ta ɗaure na baya ta ɗaure shi ma. To, me ya kai irin wannan jirgi fagen daga, inda ake harba igwa? Ina roƙon a ba ni tarihinsa filla-filla. Daga wani matuƙin jirgi, Yauri.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa game da igiya shi ne zuciyar labarin, amma kafin mu kai can sai mun ga yadda aka yi jirgin ja ya zama kayan yaƙi.

Yaƙin ya tashi ne bayan da jihohi 7 na kudancin Amurka suka ɓalle, wasu 4 kuma suka bi su bayan an fara faɗa, kuma tushen rigimar shi ne bauta, domin arzikin kudu ya dogara ne a kan audugar da bayi baƙar fata kusan miliyan 4 suke cikin masu noma ta. Kudu ba ta da masana'antu masu yawa. Auduga take sayarwa Ingila da Faransa, ta sayo bindigogi da albarushi da magunguna da tufafi. Saboda haka a ranar 19 ga Afrilu, 1861, Shugaba Abraham Lincoln ya shelanta cewa an datse tashoshin ruwan kudu, babu shiga babu fita. Faɗin hakan ya fi aikata shi sauƙi, domin gaɓar da za a tsare ta kai kimanin mil 3,500, cike da bakunan koguna da tsibirai da mashigai, alhali jiragen yaƙin da ke bakin aiki a lokacin 42 ne kacal. Ga kuma ƙa'idar da manyan ƙasashen Turai suka amince da ita a birnin Paris a 1856, wadda ta ce ƙawanya ba ta hau kan kowa ba sai in akwai ƙarfin da ya tsare gaɓar a zahiri. Ke nan shela a takarda ba za ta hana jirgin ɗan kasuwar Ingila shiga ba, sai ya ga jirgin yaƙi a gabansa.

Ministan sojan ruwa, Gideon Welles, bai tsaya jiran a ƙera sababbin jirage ba. Ya sa aka shiga tashoshin arewa ana sayen duk abin da ke iya tafiya a ruwa ya kuma ɗauki igwa, tun daga jiragen fito da na dakon kaya har zuwa jiragen ja, kuma kafin ƙarshen 1864 rundunar ta kai jirage 671.

A nan ne darajar jirgin ja ta fito, kuma na tabbata kai za ka fi kowa gane dalilin. Da yawa daga cikin manyan jiragen yaƙin zamanin ba su da inji ko kaɗan. Iska ce ke tura su ta manyan ƙyallayen da ake ɗaurawa a dogayen sanduna, ta yadda in iska ta kwanta, jirgi mai igwa hamsin sai ya zama kamar gungumen da ruwa ke wasa da shi. Masu injin ma zurfinsu a ruwa ya yi yawa, ba sa iya kusantar gaɓa, inda tudun yashi ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa yana kuma sauya mazauni, kamar yadda Neja ke yi muku idan ruwa ya ja baya. Jirgin ja kuwa gajere ne, injinsa ya fi ƙarfin jikinsa, kuma yana ratsa ruwan da babban jirgi ba zai kuskura ya shiga ba. Shi ke fitar da babba daga tasha ya mayar da shi, shi ke ciro shi in ya kafe, shi ke kai wasiƙu da abinci da umarnin kwamanda daga wannan jirgi zuwa wancan, kuma da dare shi ake turawa can gaba ya yi gadi a bakin kogi, domin ya fara ganin abin da ke tahowa. A ganina ƙawanyar ba ta tsayu da manyan faɗace-faɗace ba, ta tsayu ne da wannan aiki na kullum, wanda ba a kiɗa masa ganga.

Shi Zouave an ƙera shi a 1861 a garin Albany na jihar Niyok, domin aikin tasha na yau da kullum. Girmansa tan 127 ne, kuma farfela ce ke tura shi. Rundunar sojan ruwa ta saye shi a ranar 20 ga Disamba, 1861, ta ɗora masa igwa, ta ba wani hafsa mai suna Henry Reaney jagorancinsa, ta tura shi Hampton Roads a jihar Virginia. Wurin wata faffaɗar mahaɗar ruwa ce inda kogin James da kogin Elizabeth suke haɗuwa kafin su faɗa teku, kuma wanda ya riƙe ta ya riƙe ƙofar Norfolk da ta Richmond, babban birnin 'yan tawaye. Aikin Zouave shi ne hidimar wasu manyan jirage biyu na katako marasa inji, Cumberland mai igwa 24 da Congress mai igwa kimanin 50, waɗanda ke tsaye kusa da Newport News suna toshe bakin kogin James.

Su kuwa mutanen kudu, da yake sun san ba za su iya tara jirage kamar na arewa ba, sai suka nemi fasa ƙawanyar da jirgi guda. Sun tsamo gangar jikin wani jirgin gwamnati mai suna Merrimack, wanda aka ƙone aka nutsar a Norfolk a Afrilun 1861, suka gina masa rufi mai gangare na katako mai kauri, suka lulluɓe shi da ƙarfe inci 4, suka sa masa igwa 10 da wani ƙahon ƙarfe a goshi domin tunkuyi, suka raɗa masa suna Virginia.

Ranar Asabar, 8 ga Maris, 1862, ranar wanki ce a jiragen gwamnati, tufafin ma'aikata na shanye a kan igiyoyi, iska kuma ta kwanta. Da rana ta yi tsaka aka hango baƙin hayaƙi daga wajen kogin Elizabeth, kuma Zouave aka tura ya je ya dubo. Reaney ya rubuta daga baya cewa abin da suka gani ya yi kama da rufin wani ƙaton rumbu yana tafiya a kan ruwa yana aman hayaƙi. Ɗan jirgin nan bai juya ba sai da ya buɗe wuta, ya yi harbi kamar sau shida, ba a ko tanka masa ba, sannan aka yi masa alama daga Cumberland cewa ya dawo. Harbin nasa yana cikin na farko da aka yi wa Virginia a ranar, kuma ko da yake bai yi wa ƙarfen komai ba, ya cika aikin mai gadi, wato ya gani, ya tabbatar, ya sanar.

Virginia, ƙarƙashin Franklin Buchanan, ya nufi Cumberland kai tsaye, harsasan igwa suna dukan rufinsa suna zamewa, ya soke shi da ƙahon nan a haƙarƙari. Cumberland ya nutse mutanensa na ci gaba da harbi har ruwa ya cimma igwoyin, kuma mutum 121 suka rasu a cikinsa. Da hafsan da ke riƙe da Congress, Laftanar Joseph Smith, ya ga haka, sai ya yanke shawarar kai jirginsa ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, inda Virginia mai zurfin ƙafa 22 ba zai iya binsa ya soke shi ba. Amma da wace iska? Sai aka kira Zouave. Ya ratso cikin harbin ya ɗaure a jikin Congress, ya taimaka aka juya ƙaton jirgin aka kai shi ga tudun yashi har ya kafe. Daga nan abin da ka faɗa ya tabbata, Baba: mai ja ya zama ɗaurarre. Virginia ya zagayo ta bayan Congress, inda igwa biyu kaɗai ke iya mayar da martani, ya tsaya yana zuba wuta a tsawon jirgin, Zouave kuwa yana manne a gefe. Reaney ya ba da labarin cewa jinin da ke kwarara daga magudanan Congress yana zuba a kan daɓen jirginsa kamar ruwan wanke daɓe. An kashe Smith, kuma bayan kimanin awa guda Congress ya ɗaga farar tuta. Da Zouave ya kwance igiya zai janye, harsashi ya same shi a baya, ya lalata ƙarfen da ke juya akalarsa, har sai da wani jirgin ya jawo shi zuwa inda Minnesota, wani babban jirgin gwamnati, shi ma ya kafe. Congress ya kama da wuta, ya yi ta ci har tsakar dare, sannan ma'ajiyar albarushinsa ta fashe.

A daren nan ne Monitor, jirgin ƙarfen gwamnati wanda John Ericsson ya tsara, ya iso, kuma washegari, Lahadi 9 ga Maris, ya yi arangama da Virginia na tsawon sa'o'i kusan huɗu ba tare da ɗaya ya huda ɗaya ba. Wannan ne karon farko da jiragen ƙarfe biyu suka gwabza, shi ya sa duniya ta riƙe sunayensu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, shi kansa Monitor jawo shi aka yi daga Niyok, wani jirgin ja mai suna Seth Low ne ya yi kwana biyu yana fama da shi a cikin teku mai hauka har ya kawo shi a kan lokaci. Kuma a ranar faɗan, wani jirgin ja mai suna Dragon, wanda ke ƙoƙarin ciro Minnesota daga yashi, harsashin Virginia ya fasa masa tukunyar tururi. Ƙawanyar ba ta karye ba, kuma a ranar 11 ga Mayu, 1862, ma'aikatan jirgin Virginia da kansu suka tarwatsa jirginsu bayan da Norfolk ta suɓuce musu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Gusau, ina karatun tarihi. Shin wannan ƙawanya ta yi aiki kuwa, ko dai suna ta tara? Kuma akwai abin da ya haɗa ta da mu nan, ko labarin wasu ne can nesa? Daga wata ɗaliba, Gusau.

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Ta yi aiki, amma ba ta hanyar da mutum zai fara zato ba. Jiragen fasa ƙawanya, waɗanda akasarinsu a Ingila aka ƙera su, dogaye ne, marasa tsayi, masu gudu, ana shafa musu fenti ruwan toka, suna tasowa daga Nassau da Bermuda da Havana su kutsa a daren da babu farin wata, kuma mafi yawan tafiye-tafiyensu sun yi nasara. Sai dai abin dubawa shi ne jiragen da suka daina zuwa gaba ɗaya. Manyan jiragen dakon da ke kwasar auduga kafin yaƙi sun ƙaurace wa tashoshin kudu, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa kayan da suke ɗauka kaɗan ne, kuɗin dakonsu kuma ya yi tsada ƙwarai. An kama ko an lalata kimanin jirage 1,500, audugar da kudu ke fitarwa ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari, ko da yake a shekarar farko su mutanen kudun da kansu suka riƙe audugarsu da nufin tilasta wa Ingila ta goyi bayansu, dabarar da ba ta haifar musu da komai ba. Gishiri da kofi da maganin zazzaɓi suka yi wuya, kuɗin kudu ya zube, har a Afrilun 1863 mata suka fito zanga-zangar abinci a Richmond. Wilmington ce babbar tashar da ta rage musu, ita ma ta rufe bayan faɗuwar sansanin Fort Fisher a ranar 15 ga Janairu, 1865, wata uku kafin Janar Lee, babban kwamandan sojojin kudu, ya miƙa wuya.

Batun alaƙa da mu kuwa, ki duba garinku. Masaƙun yankin Lancashire a Ingila sun dogara ne da audugar Amurka, kuma da ta yanke, dubban ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki ko aka rage musu kwanakin aiki, Ingila ta koma neman auduga a Indiya da Masar. Wannan tsoro na dogaro da ƙasa guda bai bar masu masaƙu ba, kuma yana cikin abin da ya sa a 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, wadda aka fi sani da BCGA, mai hedikwata a Manchesta. Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ta fi sa wa rai, domin mutanenmu sun daɗe suna noma auduga, suna kaɗi, suna saƙa, suna rini, tun kafin zuwan Turawa. Ita ce ta kafa gidajen gurzar auduga a garuruwa irin su Zariya da Funtuwa da Gusau, aka kawo irin audugar Amurka aka raba wa manoma, layin dogo kuma ya biyo ta Gusau ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929 yana kwasar auduga da gyaɗa zuwa teku. Ba zan ce ƙawanyar ce kaɗai ta jawo wannan ba, domin shekara arba'in ne tsakani, amma zaren bai tsinke ba.

TAMBAYA: Ni tsohon soja ne daga Zuru, na yi yaƙin basasar ƙasar nan. Tambayata ita ce, shin jawo Congress zuwa yashi ba kuskure ba ne, tunda hakan ya sa ya tsaya cik aka yi ta harbinsa? Sannan mene ne ma'anar sunan Zouave, kuma ina jirgin ya ƙare? Daga wani tsohon soja, Zuru.

AMSA: Ranka ya daɗe, Baba, Allah ya saka muku da alheri bisa abin da kuka ɗauka. Tambayarka ta mai sanin aiki ce, kuma na daɗe ina juya ta. Da farko, shawarar ba ta Reaney ba ce, ta Smith ce. Jirgin ja umarni ya bi. Shi kuwa Smith, gaba kura baya sayaki ya samu kansa: ya ga Cumberland ya nutse a gabansa, babu iskar da za ta fitar da shi, igwoyinsa kuma ba sa huda ƙarfe. Akwai abin da bai sani ba, wato ƙahon Virginia ya karye ya maƙale a jikin Cumberland, ta yadda tunkuyin da yake gudu ya riga ya rage ƙarfi. Wanda ya san wannan daga baya zai iya cewa da ya tsaya a ruwa mai zurfi, amma hukunci ana yi wa hafsa ne bisa abin da ke gabansa a sa'ar, kuma ko da ya tsaya, igwoyin Virginia za su same shi a inda yake. Ra'ayina shi ne shawarar daidai ce. Jirgin dai ba zai tsira ba ta kowace hanya, amma kafewarsa kusa da gaɓa ta hana shi nutsewa da mutanensa, ta bai wa da yawa damar isa tudu a ƙananan jirage ko da iyo, ta kuma sa shi ƙarƙashin kariyar sojojin da ke bakin gaɓa, waɗanda harbinsu ya kori ƙananan jiragen kudu da suka zo kwashe fursunoni, har ya raunata Buchanan a cinya. Duk da haka mutum fiye da 100 suka rasu a Congress. Akwai kuma abin da na san zai taɓa zuciyar wanda ya ga yaƙin 'yan'uwa: ɗan'uwan Buchanan na jini, McKean Buchanan, hafsa ne a cikin Congress ɗin da ya ba da umarnin a ƙone, kuma Allah ya yi da sauran kwanansa, ya fita da rai.

Kai ka fi ni sanin cewa ƙawanya ba a kan soja kaɗai take sauka ba. Namu sojojin ruwan sun datse gaɓar gabas a 1967, aka kama Bonny a watan Yuli, Kalaba a Oktoba, Fatakwal a Mayun 1968, kuma yunwar da ta biyo baya ta fi cin yara da tsofaffi. Ba na iya rubuta tarihin kowace ƙawanya ba tare da wannan ya tsaya mini a rai ba.

Sunan kuwa daga nahiyarmu ya fito. Zuwawa wata al'umma ce ta Berber a tsaunukan Kabiliya na Aljeriya, kuma daga cikinsu ne Faransa ta fara ɗibar wata rundunar sojan ƙasa bayan ta shiga Aljeriya a 1830. Rundunar ta yi suna da jarumta da kuma shigarta ta buje da 'yar shara da jar dara, sunanta ya ƙara bazuwa bayan yaƙin Kirimiya, har a Amurka rundunonin sa kai na arewa da na kudu suka riƙa kwaikwayon shigar suna kiran kansu da sunan. A wannan yayi ne aka raɗa wa jirgin.

Bayan faɗan an kai Zouave Baltimore aka gyara shi, ya dawo Hampton Roads ya koma aikinsa na ja da gadi da kai saƙo a kogin James da kewayensa. Da yaƙi ya ƙare, gwamnati ta shiga rage rundunar da ta tara, ta sayar da ɗaruruwan jiragen da ta saya daga hannun 'yan kasuwa. An sauke wa Zouave igwoyinsa, aka sallame shi daga aikin soja a watan Yunin 1865, kuma a watan Yuli aka yi gwanjonsa a Niyok, ya koma hannun 'yan kasuwa.